Ina yaron da aka bari gida?

Shekara ɗaya ko biyu baya, in aka miƙo maka takarda sai ka nemi wanda zai duba maka. In aka ce ki sa hannu, sai ki dangwala yatsa cikin tawada. Yau ga ku kuna bin layin nan da kanku, harafi bayan harafi. Kun gaskata maganar da ake cewa gemu ba shi hana ilimi.

Tunda kun san ɗacin zama waje alhali wasu na ciki, da ku nike so in yi shawara bisa wasu yara namu. Su ma waje suke.

Gobe da safe, wajen ƙarfe bakwai da rabi, tsaya ƙofar gidanka. Za ka ga yara na wucewa zuwa lakwal, kowa da allonshi da kayenshi. In sun wuce, ka ƙidaya waɗanda ba su bi su ba. Akwai yarinyar da ba ta gani, tana zaune gindin turmi. Akwai yaron da ke jan gindi cikin rairayi. Akwai kurman da aka tura bayan awaki. Akwai mai farfaɗiya da ba a so baƙo shi gani. Waɗannan su ne ake ce ma musakai ko naƙasassu.

Ba su kaɗan ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗi a 2022 cewa cikin mutum 6 na duniya, ɗaya na da wata naƙasa. Ƙidayar jama'a da aka yi nan Nijar a 2012 ta samu wajen mutum 4 cikin 100. Ke nan garin da ke da mutum 1000 ba a rasa 40 ciki. Da yawansu yara ne. In ba ka ganin su, ɗaki ne ya ɓoye su.

Daga ina abin ke zuwa?

Sau da yawa in yaro ya naƙasa sai a ce iska ce, ko sammu, ko uwarshi ta ƙetare wani abu. Allah ke ƙaddara kome, amma abubuwa da yawa suna da sanadin da likita ya sani.

Sanƙarau na ɗaya. Manya cikinku na tune da wanda aka yi a 1995, ya kuma dawo da ƙarfi a 2015. Yaron da ya tashi daga sanƙarau shina iya rasa ji. Kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni shi ma shina kashe ji sannu sannu. Ƙyanda, in ta haɗu da rashin abinci mai kyau, tana ɓata ido. Shan inna na shanye ƙafa. A 2020 an shaida cewa asalin cutar ta ƙare cikin Afirka, amma ana nan ana ɗiga ma yara magani don wani irinta na ɓullowa. Doguwar naƙuda tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jinjiri. Rashin gishiri mai iyod ga mai ciki shina sa a haifi yaro mai jinkirin fahimta.

Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, lamba da awon ciki suna tsare yara da yawa. Na biyu, cutar da ta taɓa kunne, kunne ta taɓa. Wadda ta shanye ƙafa, ƙafa ta shanye. Hankalin yaro na nan, shina jiran wanda zai buɗe mishi hanya.

Makaho na karatu da yatsa

A ƙasar Faransa an haifi wani yaro a 1809, sunanshi Luwi Burayi. Ubanshi baduku ne, mai ɗinka kayan doki. Shina da shekara 3 ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini cikin kayan aikin uban, ya soki idonshi. Ciwon ya kama ɗayan idon, ya makance. Iyayenshi ba su ajiye shi ɗaki ba. Sun sa shi lakwal ta garinsu, daga baya aka kai shi lakwal ta makafi a birnin Pari. Can, shina ɗan shekara 15, ya shirya rubutun da makafin duniya ke aiki da shi har yau. An sa ma rubutun sunanshi.

Ga yadda abin shike. Ka san gurabun dara. To, ka ɗauki gurbi 6: uku bisa hagu, uku bisa dama. Kowane harafi da guraben da ake tada mishi ƙullutu bisa takarda mai kauri. Harafin "a" ƙullutu ɗaya ne, na sama bisa hagu. Harafin "b" biyu ne, na sama da na tsakiya. Da gurabun nan 6 ana samun alama 63, sun isa baƙaƙe da wasula da lambobi. Yaro shina sa takarda cikin wani allo mai ramuka, shi riƙa soka ta da ɗan ƙarfe irin basilla. Shina rubutu daga dama zuwa hagu, sa'an nan shi juya takardar shi shafa da yatsa daga hagu zuwa dama.

Na taɓa zama kusa da wani saurayi makaho shina karanta ma mutane takarda irin wannan. Magariba ta yi, duhu ya shigo, ni na rufe littafina. Shi ko ya ci gaba abinshi, yatsa na tafiya, baki na faɗi.

A Yamai akwai lakwal ta yara makafi mai sunan Soli Abdurahaman. Cikin wasu manyan garuruwa kuma an buɗe ajin makafi cikin lakwal ta kowa da kowa. Yaro shina fara koyon rubutun yatsa da tafiya da sanda, in ya ƙware sai shi zauna benci ɗaya da masu gani. Akwai makafi ƴan ƙasar nan da suka bi wannan hanya har suka ci jarrabawar bak, suka shiga jami'a. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya san makaho mahaddacin Alƙur'ani. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya yi waƙar Imfiraji, makaho ne.

Kurma na magana da hannu

Muna ce ma kurma bebe, har wasu na mishi kallon wawa. Mafi yawan kurame harshensu lafiya lau shike. Yaro da kunne shike koyon magana. Wanda bai taɓa jin an ce "ruwa" ba, ina zai samo kalmar?

Amma kurame na da yarensu, maganar hannu. Je kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ka ga inda suke haɗuwa. Suna ciniki, suna gardama, suna ba'a, suna ba da labarin abin da ya faru shekaranjiya. Yare ne cikakke. A lakwal ta kurame da hannu mushe ke koyarwa, kuma kowane harafi na da alamarshi ta yatsu. A Yamai akwai lakwal ta kurame mai sunan Hasan Bana Ba. Maraɗi da Damagaram su ma suna da tasu.

Bari in ba ku labarin wata mata da ta yi karatu wurina. Rannan da muka buɗe aji, na tambayi kowa abin da ya kawo shi. Wata ta ce lissafin adashe. Wata ta ce lambar salula. Ita ko ta yi shiru, can ta ce: «Malam, ni ɗiyata nike so in yi ma magana.»

Ɗiyar tana da shekara 5 sanƙarau ya kama ta cikin bazara. Ta tashi, amma ba ta ji. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. In ta nemi abu ba a gane ba, sai ta yi ta kuka tana jifa da kwanoni. Aka ce aljannu ne, aka sayar da akuya biyu wajen neman magani. Wani ƙanen uban mai aikin tela cikin birni shi ya ce a ba shi ita, akwai lakwal ta irinsu kusa da shagonshi. Uban ya ƙi, kaka ta ƙi. Sai da aka yi shekara biyu ana jan magana kafin a yarda.

Da ta zo hutun farko, ta ɗauki gawayi ta rubuta sunanta bisa bango. Ta rubuta wani suna ƙarƙashi, ta nuna uwarta da yatsa. Uwar ta tsaya tana kallon sunanta, ba ta iya karanta shi ba. Abin da ya kawo ta aji ke nan.

A lakwal ɗin yarinyar da faransanci ake rubutu, mu ko da Hausa muke yi. Amma haruffan kusan ɗaya ne, lambobi ma ɗaya ne. Uwar ta riƙa koyon harafi wurina da dare, ɗiyar na nuna mata alamarshi da yatsu in ta zo hutu. Kafin shekara ta kewayo suna aike da allo: sunan mutum, kuɗin gero, ranar komawa. Wata rana matar ta shigo aji tana dariya. Ta ce jiya ɗiyar ta ba ta labarin wata ƙawarta da hannu, tun daga farko har ƙarshe, kuma ta gane. Ta ce shekara biyar rabon da su yi hira. Jifa da kwanoni kuwa tuni ta bari.

Lakwal ta garinku fa?

Za ka ce: «To malam, mu da ke ƙauye, ina mu ina Yamai?» Gaskiyarka. Lakwal ta musamman kaɗan ce, ba za ta ɗauke yaran ƙasa duka ba. Don haka aka kawo wata dabara: yaro mai naƙasa shi shiga lakwal ta garinsu, shi zauna da ƴan'uwanshi, lakwal ɗin ta gyara mishi abin da ya kamata. A 1994 ƙasashe 92 suka taru a garin Salamanka na ƙasar Sifen suka amince da wannan.

Dokar ƙasa ma na bayan yaron. Tun 1993 Nijar ta yi doka ta kare musakai. Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma ambaci karatun naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙinsu. Ke nan in ka kai ɗanka lakwal ba alfarma ka je roƙo ba.

Yara da yawa ɗan gyara kaɗai suke bukata, kuma gyaran ba shi cin ko dala.

Mai ji sama sama, a zaunar da shi gaba. Mushe shi fuskance shi in zai yi magana, don shina karanta leɓe. In mushe ya juya ma aji baya shina magana da allo, yaron ya ɓata.

Mai gani dishi dishi, shi ma gaba, inda haske ke shigowa. A yi mishi manyan haruffa, mushe shi riƙa faɗin abin da shike rubutawa. Zabiya na cikin waɗannan: idonsu ba shi son rana, fatarsu na bukatar malfa da riga mai dogon hannu.

Gurgu ba shi da matsala da karatu ko kaɗan. Hanya ce damuwarshi, da dokin ƙofa, da makewayi. Buhun siminti ɗaya, ko ma laka da duwatsu, sun isa a yi gangara bakin aji don keke shi shiga.

Mai farfaɗiya ba shi sa ma kowa ciwonshi. Miyaunshi ba shi ɗauke da cuta. In ya faɗi, a janye shi daga wuta da duk abin da zai ji mishi rauni, a kwantar da shi bisa gefe, kada a sa mishi cokali ko yatsa a baki. Akwai magani gidan likita. Cikin mutum 10 da ke shan shi daidai, wajen 7 na iya daina faɗuwa.

Mai jinkirin fahimta, a ba shi aiki kaɗan kaɗan, a maimaita, a yaba mishi in ya yi. Wataƙila ba zai yi nisa ba. Amma in ya iya sunanshi, ya san kuɗi, ya iya zama da mutane, an rage ma uwarshi kaya mai nauyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganganun da nike ji

Na sha zama da iyaye bisa wannan zance, kuma ba na raina abin da suke faɗi.

Wani ya ce: «Yara za su yi mishi dariya.» Za su yi, kwana biyu ko uku. Amma yara sun fi mu saurin sabo. Na ga ajin da ake faɗa bisa wa zai tura keken abokinsu. In dariyar ta ƙi ƙarewa, aikin mushe ne da na iyaye su tsawata.

Wata ta ce: «Ɗiya mace ce, ba ta ji, ba ta magana. In wani ya cuce ta bisa hanya fa?» Wannan tsoro na gaskiya ne. A haɗa ta da wa ko ya ko ɗiyar maƙwabta su tafi tare su dawo tare. Ku tuna kuma, wadda ta iya rubutu da maganar hannu tana iya faɗin wanda ya taɓa ta. Wadda aka kulle ba ta da bakin kai ƙara, kuma mugu ya san haka.

Wani ya ce: «Mushe na da yara 80 cikin rumfar kara, ina zai ji da nawa?» Aikin mushe da nauyi, kuma da yawansu ba a koya musu wannan fanni ba. Amma hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Kwamitin iyayen yara na nan. Wa ko aboki na iya maimaita ma yaro darasi da marece. Ke ma da kika iya karatu yanzu kina iya duba kayenshi.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta bara. Akwai gidan da abin da yaro ya samo bakin tasha shi ne cefanen ranar. Ba zan zagi mai wannan hali ba, talauci ba wasa ba ne. Amma mu yi lissafi, tunda mun iya. Ana tausayin ɗan shekara 7 fiye da ɗan shekara 30. Kuɗin bara na raguwa, bukata na ƙaruwa, iyaye na tsufa. Ranar da ba ku, wa zai riƙe shi? Wanda ya yi karatu ko ya koyi ɗinki, saƙar kujera, gyaran salula, shi ke riƙe wasu. Kuma makahon da ke bara ba shi kaɗai ya rasa lakwal ba. Ɗan jagoranshi mai ido biyu shi ma ya rasa.

Abin da za ka yi

Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a jira.

Ka lura da jinjiri. In ba shi firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai shekara 2 ba shi faɗin ko kalma guda, a kai shi a duba kunnenshi. In ka ga fari cikin baƙin idonshi, ko shina tuntuɓe da magariba, a kai shi a duba ido. Yanar ido ana cire ta da aiki, dundumi kuma na da magani. Jinjirin da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa, in an fara ɗaure ta da filasta tun makonnin farko tana miƙewa. A Yamai akwai asibitin CURE da ke irin wannan aiki tun 2010. Likitan garinku zai nuna maka inda za ka.

Ka yi mishi takardar haihuwa kamar sauran ƴaƴanka. Yara da yawa nan aka fara mance su.

Kafin a koma lakwal cikin watan Oktoba, ka je wurin darekta tare da yaron. Ka faɗa mishi abin da yaron ke iyawa, ba abin da ya kasa kaɗai ba. In ya ce ba shi da hali, ka tambayi ofishin masu duba makarantu, ko ma'aikatar magajin gari, ko ƙungiyar musakai ta jiharku. Makafi na da ƙungiyarsu ta ƙasa, kurame ma haka. Sun san inda ake samun allon rubutun yatsa, da keke, da malamin maganar hannu. Ka rubuta sunan wanda ka gani da ranar da ya ce ka komo. Amfanin karatunka ke nan.

In ba ka da irin wannan yaro cikin gidanka, maƙwabcinka na da shi. Ka kira shi da sunanshi na yanka, ka hana ƴaƴanka ce mishi «gurgu» ko «bebe». Hausawa na cewa ba a gama halittar mutum sai ranar da ya mutu. Mai ido yau bai san gobe ba.

Ran 3 ga watan Disamba ta kowace shekara ita ce ranar naƙasassu ta duniya. Ana taro, ana jawabi, ana watsewa. Ni abin da nike roƙon ku bai kai taro ba. Ku ɗauki littafin nan ku je gidan da kuka sani, ku karanta ma uwa da uba wannan shafi da bakinku. In sun ce ba zai yiwu ba, ku tuna musu cewa ku ma an taɓa cewa kun tsufa da karatu.

Allah shi raya muna zuri'a, masu lafiya da masu lalura, shi ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.